Zumunci a Ƙafa Yake: Daga Salga Zuwa Bawku a Kan Sawun Fataken Goro



A daminar bara Allah Ya yi wa wani dattijon unguwarmu rasuwa a Salga, yana da shekara tamanin da 'yan kai. Mu da muka yi karatun allo a zaurensa Baba Malam muke ce masa. Bai bar dukiyar a zo a gani ba. Abin da aka tarar a ɗakinsa littattafai ne cikin gafaka, da wata tsohuwar sanda wadda hannu ya goge kanta har tana sheƙi. Ya sha gaya mana cewa sandar ta kakansa ce, wanda ya taso daga ƙasar Kano cikin ayarin fatake 'yan shekaru kafin yaƙin Salga na 1892, shi da ƙanensa. Ƙanen ya kwanta ciwo a Bawku, ayari ya jira shi kwana uku, ya cika, aka binne shi a can, wan ya ɗauki sandarsa ya ci gaba. Baba Malam ya rayu yana cewa wata rana zai je Bawku da ƙafa ya yi wa wannan kaka addu'a. Allah bai nufa ba.

Bayan addu'ar arba'in, mu shida daga cikin almajiransa muka ƙulla niyyar cewa idan hunturu ya shigo za mu ɗauki sandar mu kai ta Bawku a ƙasa. Wasu suka ce wahalar banza ce, ga mota. Wani malami ya tambaye mu ko ibada muka ɗauki abin. Muka ce masa, "Allah Ya gafarta Malam, mun san addu'a da sadaka ke isa ga mamaci, kuma muna yin su a gida. Tafiyar tamu ce, muna son ƙafafunmu su san abin da kunnuwanmu suka daɗe suna ji." Ya yi shiru, sa'an nan ya sa mana albarka.

HANYAR GWANJA

Hanyar da muka ɗauki guntunta ta girmi kowace iyaka da ke tsakanin ƙasashenmu a yau. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wajen 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Sarki Yakubu fatake daga Gwanja suka fara zuwa Katsina. Abin da ke jawo su shi ne goro. Sai dai goro ba ya fita a Salga. A kurmin Tonawa yake fita, wato ƙasar Asante, Salga kuwa kasuwa ce inda mutanen kurmi da mutanen arewa ke haɗuwa.

Abubuwa uku suka ɗaga garin. Na farko, wajen 1744 zuwa 1745 Sarkin Asante Opoku Ware ya rinjayi gabashin Gwanja da Dagwamba, hanyar ta shiga ƙarƙashin iko ɗaya. Na biyu, jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da aka fara a 1804 ya haifar da daula mai faɗi, mai jama'a da wadata, inda giya ta zama abin ƙyama, goro kuwa ya shiga aure da suna da gaisuwar manya. Na uku, Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi ta teku a 1807, Tonawa suka ƙara mai da hankali ga kasuwar arewa. Sarakunan Kumasi ba sa barin baƙin fatake su kutsa kurmi su sayi goro da kansu, saboda haka dole a tsaya a Salga, 'yar tazara kaɗan daga Kpembe inda sarkin yankin yake zaune.

Daga ƙasar Hausa manyan hanyoyi biyu ne. Ɗaya ta bi ta Yawuri, a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu ta Nikki da Zugu, a faɗo Yendi. Ɗaya ta bi ta Sakkwato da Jega, a ratsa ƙasar Gurma zuwa Sansanin Mango, a gangaro Yendi. Wannan ta arewa tana da reshe da ke shiga ƙasar Mosi ta Tenkodogo, ya biyo ta Bawku da Gambaga. Shi kakan Baba Malam ya biyo. Zuwa da komowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda.

Ba a yin irin wannan tafiya a ɗaiɗaice. Ayari gari ne mai tafiya, da shugabanninsa. Madugu ke riƙe da jama'a, shi ke magana da sarakunan hanya. Jagaba ke gaba, shi ya san mashaya da mafita. Uban dawaki ke tattara kuɗin fito da na wucewa. Malamin ayari ke duba ranar tashi, ya rubuta wasiƙu, ya ja salla, ya yi wa wanda ya mutu sutura. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne gidajen da suka shahara da wannan fatauci. Suna tafe da kanwa, da turkuɗi, da riguna, da jar fata, da busasshiyar albasa, da dabbobi, su komo da goro a waga bisa jakuna. Goro kuwa kaya ne mai son reno. Duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance, an tsince mai sankara, an yayyafa ruwa, an sake ganye. A 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da wani ayari a Kayama yana komowa daga Gwanja, ya rubuta cewa mutanensa sun haura dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kusan yawansu.

Inda ayari ya sauka ya kwana, nan ne zango. Wanda ciwo ya tsayar, ko bashi, ko aure, ko neman karatu, sai ya zauna ya zama mai masaukin ayarin baɗi. Sunan da ake kiran unguwanninmu da shi a duk faɗin Gana daga nan ya samo asali.

SALGA

Kafin mu tashi, mun kewaya garin da muka girma a ciki kamar baƙi. Salga gari ne mai ƙarancin ruwa tun asali, shi ya sa aka haƙa rijiyoyi barkatai cikin marmara, har ake masa kirari da garin rijiya dubu. Da yawa suna nan har gobe. Daga nan muka je inda kasuwar bayi take, muka wuce wurin da har yanzu ake kira Wankan Bayi, inda ake wanke mutane a shafe su da man kaɗanya kafin a kai su kasuwa. Akwai kuma Rafin Angulu, inda ake yar da gawawwakin waɗanda suka mutu a hannun masu su. Sunayen nan da Hausa suke, kuma wannan kaɗai ya isa ya gaya mana cewa kakanninmu suna cikin cinikin.

Dagwamba na biyan Asante haraji da bayi. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 mayaƙan Zabarmawa, ƙarƙashin Alfa Hano da Gazari da Babatu, suka dinga kai hari ƙasar Gurunshi suna cika kasuwanni da kamammu. Hanyar da madugu ya bi da sandarsa, wasu sun bi ta da igiya a wuya. A bakin Wankan Bayi ɗaya daga cikinmu, wanda muka sani tun muna yara, ya ce mana uwar kakarsa a nan aka saye ta, kuma har ta mutu ba ta iya faɗin sunan ƙauyensu ba. Babu wanda ya tanka. Muka ɗaga hannu muka yi addu'a, muka sa ta a cikin waɗanda muke tafiya dominsu. Gidajen zango da yawa jinin mai saye da na wanda aka saya ne suka gauraya a cikinsu, ko da yake ba kowa ke son a faɗa ba.

Faɗuwar Salga ta soma a 1874, shekarar da sojojin Ingila suka ƙone Kumasi. Mutanen Kpembe suka ga dama ta samu, suka karkashe wakilan Asante da ke garin. Tonawa suka rama ta hanyar tare goro, suka karkatar da shi Kintampo. Da Bafaranshen nan Binger ya zo a 1888, ya tarar da kangaye da yawa. A 1892 rikicin sarautar Kpembe ya zama yaƙi, aka shigo da mayaƙa daga Dagwamba da Nanumba, jama'ar kasuwa suka watse zuwa Karaci da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa. Zangunan kudu da dama daga wannan watsewa suka sami malamansu da attajiransu.

Cikin waɗanda suka ga wannan da idonsu akwai Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salga, ya koma Karaci, ya rasu a can a 1934. Ya rubuta littafin koyar da rubutun wasiƙa, ya yi waƙa da Larabci a kan yaƙin Salga, ya yi ta zuwan Nasara, ya yi Waƙar Talauci da Wadata da Hausa. Babban rabo na abin da duniya ta sani game da rayuwar Hausawan wancan zamani daga rubuce-rubucen da ya yi wa Bajamushen nan Mischlich ya fito. Baba Malam kan ce malamin malaminsa a gaban Alhaji Umaru ya yi karatu, kuma da wuya ka sami tsohon zaure a arewacin Gana da ba a faɗin irin wannan.

KWANA BAKWAI ZUWA YENDI

Mun tashi bayan sallar asuba, hazo ya rufe gari, muka kama hanyar Bimbila. Tsarin fatake muka bi, a yi sammako, a sauka kafin rana ta take. Muka naɗa babbanmu madugu, wanda ya iya Dagbanci ya zama jagaba, mai riƙe da kuɗin guzuri muka riƙa tsokanarsa da uban dawaki. Sandar kuwa kowa da ranarsa.

Ƙasar tsakanin Salga da Yendi shimfiɗaɗɗiya ce, da kaɗanya da ɗorawa da kuka jefi-jefi, da kunyoyin doya na Nanumba da Konkomba iya ganinka. An ƙone ciyawa, toka na tashi da iska. Kwana biyu na farko hira muke da dariya. A na uku ƙafafu suka yi bororo, leɓɓa suka tsage, kowa ya kama bakinsa. A ranar muka gane dalilin da ya sa dattawa ke ƙirga hanya da zango. Mai tafiyar ƙasa ba ruwansa da nisan da ya rage, tambayarsa ita ce ina ruwa, ina inuwa, wa zai karɓe shi.

An kuwa karɓe mu. A wani ƙauye da babu Bahaushe ko ɗaya, wata tsohuwa ta ga yadda ɗayanmu ke ɗingishi, ta kawo man kaɗanya a ɓawon ƙwarya, ta gasa mana doya, ta ƙi karɓar ko sisi. Jagabanmu ya gaya mata dalilin tafiyar, sai ta karɓi sandar ta jujjuya ta, ta mayar mana da hannu biyu. A inda akwai masallaci kuwa, sallama kawai muke yi, a shimfiɗa mana tabarma. A Bimbila limamin da ya sauke mu ya ce, "'Ya'yana, ba ku da bashin godiya. Ubannin ubanninmu a kan wannan aka san su."

Baturen Ingila Bowdich, wanda ya je Kumasi a 1817, ya rubuta daga bakin fatake cewa tsakanin Salga da Yendi kwana bakwai ne. Mu ma a rana ta bakwai muka shiga. Kafin nan muka ratsa Adibo, inda ranar 4 ga Disamba 1896 mayaƙan Dagwamba suka tari rundunar Jamus, bindigogin zamani suka yi musu mummunar ɓarna, Jamusawa suka wuce suka ƙone Yendi. A 1899 Ingila da Jamus suka raba yankin, Salga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa Togo ta Jamus. Tafiyar mako guda da kakanninmu ke yi sai ga iyaka a tsakiyarta. Ingila ta karɓe Yendi a 1914, kuma bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1956 yankin ya shiga Gana tare da samun 'yanci a 1957.

Zaman Hausawa a Yendi tsoho ne. Tun wajen 1700, zamanin Na Zanjina wanda ya karɓi Musulunci, malamai ke da matsayi a fadar Ya-Na, kuma Kamshegu da ke kusa da garin mazaunin malamai ne masu asalin Hausa, babbansu na riƙe da sarautar Kamshe-Na. Wanda ya saurari gaisuwar safe ta Dagbanci zai ji asuba a cikinta. A Yendi kuma kabarin Babatu yake, domin nan ya fake bayan an karya shi a 1897, nan ya rasu a 1907. An nuna mana wurin. Abokinmu na Wankan Bayi ya tsaya daga waje, ba mu kuwa matsa masa ba.

DUTSEN GAMBAGA DA BAWKU

Mun huta kwana biyu, muka nufi arewa ta Gushegu, garin masaƙa, inda ake jin ƙarar ƙoshiya daga zaure zuwa zaure. Daga nan ƙasa ta soma tashi a hankali har Nalerigu, mazaunin Nayiri Sarkin Mamprusi, inda ragowar ganuwar Na Jeringa ke tsaye. Gambaga na kusa. Babban zango ne a zamanin fatake, kuma nan Ingilishi suka fara kafa hedkwatar mulkinsu na arewa kafin su koma Tamale a 1907.

A Nakpanduri muka tsaya a bakin dutse, ƙasa ta yanke a gabanmu, fili ya buɗe har inda hazo ya haɗiye shi. Mu gangarowa muka yi, hannu rabbana, gwiwoyi na rawa. Kakan Baba Malam hawowa ya yi, da jakuna ɗauke da kanwa, kwanaki kaɗan bayan ya binne ƙanensa. Babu ɗayanmu da ya taɓa tunanin wannan sa'ad da muke jin labarin a zaure.

Ta Garu muka bi, a rana ta 18 muka shiga Bawku. Garin kasuwa ne har yau, tana ci duk bayan kwana uku, ga albasa ga shanu ga jakuna, ga Burkina Faso da Togo a bakin ƙofa. Kowa ya san garin ya daɗe yana fama da rikicin sarauta wanda ya ci rayuka. Mun bi shawarar masu masaukinmu, muka shiga da rana tsaka, kuma muna roƙon Allah Ya sanyaya zukatan mutanensa baki ɗaya.

Wani dattijon zango ya kai mu tsohuwar makabarta. Muka ba shi sunan mamacin da kimanin shekarar. Ya yi murmushi ya ce, "Samari, baƙon da ayari ya bari ba a sa masa alama. Amma in a garin nan ya cika, Musulmi ne suka wanke shi, kuma yana cikin waɗannan." Muka tsaya a sahu, muka yi addu'a ga ƙanen, da wan, da Baba Malam, da matar da ta manta sunan ƙauyensu, da duk wanda hanyar Gwanja ta riƙe. Mun so mu bar sandar a masallacinsu. Dattijon ya ce mu koma da ita, sanda ta mai tafiya ce.

ABIN DA YA RAGE

Jirgi ne ya kashe tafiyar ƙasa. Layin dogo ya isa Kumasi a 1903, ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata, ɗan gidan Agalawa da aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan sabuwar hanya. Daga baya madatsar Akosombo, wadda aka kammala a 1965, ta haifar da tafkin da ya shanye tsohuwar Karaci, babbar hanyar arewa kuma ta koma ta Kintampo da Buipe, aka bar Salga a gefe.

Da hanyar ta mutu, shaidar zuwanmu ta dushe tare da ita. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙi marasa takardu, aka ga mutanen da aka haifa a zango, aka haifi iyayensu a zango, an ɗora su a manyan motoci zuwa ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Har yau akwai matashin zango da kan tsaya neman katin shaida a tambaye shi ainihin garinsu, ya rasa amsa, domin babu wanda ya zaunar da shi ya lissafa masa zangunan da kakansa ya bi. Amsar tana nan a rijiyoyin Salga, da Kamshegu, da makabartun Gambaga da Bawku, waɗanda duk sun girmi sunan Gana.

Mun komo gida a mota cikin yini guda. Sandar tana jingine a zauren Baba Malam, inda yara ke ci gaba da karatu a hannun ɗansa. Ba mu ce kowa ya yi tafiyar kwana 18 ba. Roƙonmu ga 'yan'uwa shi ne, duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida ya je yau ya durƙusa ya tambaya: wa ya fara zuwa, daga wane gari, ta wace hanya, wa aka bari a baya, wa aka zo da shi ba da son ransa ba. A rubuta, da boko ko da ajami, a karanta wa yara da Hausa. Mu mun yi sakaci har Baba Malam ya tafi da rabin abin da ya sani, sauran rabin ne muka bi da ƙafa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, masu sanda da masu igiya, Ya haskaka kaburburansu, Ya zaunar da ƙasarmu Gana lafiya. Amin.